Yadda Ake Ƙunshe Agogon Hannu Domin Aikawa ta Gidan Waya

Darasi ga jama'ar Potiskum da kewaye

GABATARWA

Garin Potiskum, wanda jama'a da yawa ke kira Fataskum, gari ne na ciniki da zirga-zirga a Jihar Yobe. Yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil da Azare, ta zarce Damaturu har Maiduguri. Wata hanyar ta shigo masa daga Bauchi ta Darazo da Kari, wata ta yi arewa zuwa Gashuwa, wata kuma ta yi kudu ta ƙasar Fika zuwa Gombe. Kasuwar shanunsa, wadda ke ci ran Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma.

Inda ciniki ya bunƙasa haka, aike ma yakan yawaita, kuma agogon hannu na cikin ƙananan kayan da aka fi aikawa. Ɗan tireda yakan yi odarsa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Mai shirin aure yakan sa a sayo masa na lefe daga wani gari. Alhaji yakan aika wa ɗan'uwansa da ke Legas ko Fatakwal da tsarabar Makka. Uba yakan aika wa ɗansa da ke karatu a Jami'ar Maiduguri. Wani kuma agogon gado ne ya tsaya masa, yana so ya kai ga gwanin gyara. Ga kuma samari masu tallan kaya ta wayar hannu, waɗanda ba su taɓa ganin masu sayen kayansu ido da ido ba.

Agogo kaya ne ƙarami, mai daraja, marar jure wahala. In ya isa a fashe ko ya salwanta, ban da hasarar kuɗi akwai ɓacin zumunci, gama mai aikawa zai ce lafiya ya ba da shi, mai karɓa kuwa ya ce a lalace ya same shi, ba mai shaidar da zai nuna. Abu biyu ke tsare agogo a hanya: ƙunshin da ya hana shi motsi, da takardar da ta nuna hannun da ya shiga. Duka biyun suna wuyan mai aikawa tun kayan ba su bar hannunsa ba. Su ne wannan darasi zai bayyana.

KASHI NA 1: ABIN DA KE CIKIN AGOGO

Wanda ya san abin da ke cikin agogo ba sai an roƙe shi ya yi masa ƙunshi mai kyau ba. Agogon hannu iri uku ne.

Na farko shi ne marar batir, watau wanda ake murɗa wa maɓalli kowace safiya, ko wanda motsin hannu ke ba shi ƙarfi, irin Seiko 5 da aka fara fitarwa a Japan a 1963. A cikin irin wannan akwai ƙananan ƙarafa fiye da 100. Abin da ke auna lokaci a cikinsu wani ɗan zobe ne mai lilo, wanda a yawancin na zamani yake kaɗawa sau 21,600 ko 28,800 a sa'a guda. Zoben yana tsaye a kan wani tsinke wanda bakinsa bai wuce kaurin gashin kai ba, a jikinsa kuma akwai wata waya naɗaɗɗiya wadda ta fi gashi sirantaka. Bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karya bakin tsinken ko ya harɗe wayar. Tun 1934 maƙeran Suwizalan suka ƙago wata dabara mai suna Incabloc domin rage wannan haɗari, amma dabarar tana da iyaka. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 1413 ta ce agogon da za a kira mai jure bugu shi ne wanda ya jure faɗuwa daga tsayin mita 1 a kan daɓen katako mai tauri. Bayan babbar mota kuwa ya fi mita 1 nisa daga ƙasa, ƙasar kuma sau da yawa kwalta ce ko siminti.

Na biyu shi ne mai batir, wanda akan ga kalmar Quartz a rubuce a fuskarsa. Sunan wani ɗan dutse ne da ke ciki, wanda wutar batir ke sa shi rawa sau 32,768 a daƙiƙa guda. Kamfanin Seiko ne ya fara sayar da irinsa a watan Disamba 1969. Wannan ya fi na farko jure girgiza, musamman mai nuna lambobi irin Casio F-91W da ya fito a 1989. Duk da haka gilashinsa na fashewa, hannuwansa na iya zamewa daga mazauninsu, batirinsa kuma ba ya son zafi.

Na uku shi ne na zamani wanda ake yi wa caji, yana haɗuwa da wayar hannu. Fuskarsa duka gilashi ce, batirinsa kuma na lithiyam ne, irin wanda ke iya kama wuta in an huda shi ko an matse shi. Saboda haka akwai doka ta musamman a kan aika shi ta jirgin sama, kamar yadda za a gani a Kashi na 7.

KASHI NA 2: ABUBUWAN DA KE LALATA AGOGO A HANYA

Ƙunshi ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan shiga jaka tare da littattafai da ƙarafan inji da sauran kaya masu nauyi, a ɗora wata jaka a kansa, a sauke a wata cibiya a tantance, a sake lodi. Daga Potiskum zuwa Damaturu kimanin kilomita 100 ne, zuwa Kano kuwa kusan 300. A cikin wannan tafiya abubuwa huɗu ke jiran agogo.

Girgiza da bugu. Wannan ne babba. In akwai fili a cikin kwali, duk ramin da mota ta faɗa sai agogo ya bugi bangon kwalin. Agogo mai sarƙa kuwa da kansa yake cin kansa, domin sarƙar tana gogar murfin baya da gilashi har ta bar zane.

Ƙura da damshi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, wadda ke shiga duk inda ta sami kafa. In ta haɗu da man da ke cikin agogo sai ta zama kamar yashi tana cin ƙarafan. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa ruwan sama na iya samun jaka a wurin lodi, kwalin da ya jiƙa kuma ba shi da sauran ƙarfi. Agogon da za a aika kudu, inda iska ke da laima, yana bukatar kariya ko da rani ne a Yobe.

Zafi. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yakan wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka. Zafi mai tsanani yana tsinka man agogo, yana rage ƙarfin batir, yana baƙanta fuskar agogo mai lambobi, yana kuma busar da maɗaurin fata.

Maganaɗisu. Shi ne mayen ƙarfe, yana nan a cikin sifikar rediyo, da wayar hannu, da murfin wasu jakunkunan mata. In ya kusanci agogo marar batir sai ya sa naɗin siririyar wayar nan ya manne da juna, agogo ya riƙa gudu da mintoci da yawa a yini, alhali ba a ga wani rauni a jikinsa ba. Saboda haka ba a haɗa agogo da rediyo ko sifika a kwali ɗaya.

KASHI NA 3: KAFIN A FARA ƘUNSHI

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata a gama waɗannan abubuwa tun ana gobe za a je gidan waya.

A goge agogon da ƙyalle mai laushi, busasshe. A daidaita lokacinsa da na rediyo ko na waya, a lura da shi yini guda a tabbata yana tafiya daidai. In yana da wani aibi, kamar zane a gilashi ko sarƙa mai sassauci, a faɗa wa mai karɓa tun yanzu.

A juya bayansa a kwafe sunan kamfani da lambobin da aka zana a murfin, a ajiye a littafi. A agoguna masu daraja ɗaya daga cikin lambobin nan ta wannan agogo ce shi kaɗai, ita ce za ta raba gardama in an yi musanya. A ɗauki hotonsa gaba da baya da waya, yana tafiya, sa'an nan a ɗauki hoton kowane mataki na ƙunshi. Rasit ɗin saye na asali ya zauna a gida, kwafinsa ne zai shiga kwali.

A tura maɓallin gefe ciki sosai, in mai murɗawa ne a murɗe shi har ya kama. Waɗansu sukan jawo maɓallin waje wai don kada batir ya ƙare a hanya. Wannan kuskure ne, gama ƙofa ce aka buɗe wa ƙura da damshi, sandar maɓallin kuma tana iya lanƙwasa. Batirin agogo yakan yi shekara biyu ko fiye, tafiyar mako guda ba ta rage shi da kome. Agogo mai caji shi ne ake kashewa gaba ɗaya. In batirinsa ya kumbura ko yana yoyo, ba a aika shi ta kowace hanya sai an canja.

KASHI NA 4: KAYAN AIKI DA MATAKAN ƘUNSHI

Duk abin da ake bukata ana samunsa a kasuwar gari da ɗan kuɗi kaɗan:

ƙyallen auduga mai laushi, tsaftatacce;
guntun soson katifa, ko leda mai ƙurajen iska irin wadda ake naɗe kayan lantarki;
ƙaramar leda mai zif;
'yar jakar ƙwayoyin nan masu shan damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi;
ƙaramin akwati mai tauri, ko na agogon ne na asali, ko gwangwani mai murfi;
kwali mai ninki, irin wanda ake zuba gwangwanayen madara, wanda bai taɓa jiƙa ba;
salatif mai faɗi, da biro ko maka wanda ruwa ba ya wankewa.

Ga matakan bi da bi.

1. A yanki soso a naɗe shi kamar kaurin wuyan hannu, a ɗaura agogon a kansa yadda ake ɗaura shi a hannu, a rufe maɗaurin. Haka sarƙa ba za ta taɓa murfin baya ba, fata kuma ba za ta karye ba.

2. A shimfiɗa ƙyalle a kan gilashin, a naɗe agogon duka da shi. Kada a manna salatif a jikin agogo ko a maɗaurinsa, gam ɗin yana narkewa da zafi, yana kuma ɗaye ruwan zinari.

3. A sa shi a leda mai zif tare da 'yar jakar shan damshi, a matse iskar ciki, a rufe. Wannan leda ita ce garkuwarsa daga ƙura da ruwa.

4. A sa ledar a ƙaramin akwati, a cike duk sauran fili da soso har murfin ya rufu da ɗan matsi. Akwatin asali na kamfani an yi shi ne don ado a kanti, sau da yawa agogo yana da filin motsi a ciki, saboda haka shi ma sai an cike shi. A ɗaure murfin da salatif.

5. A shimfiɗa soso ko dunƙulallun takardu a gindin babban kwali, kaurin santimita 5, watau kimanin faɗin yatsu uku. A ajiye ƙaramin akwatin a tsakiya, a cike gefe huɗu da sama da irin wannan kauri. Kada akwatin ciki ya taɓa bangon kwali ta kowane gefe.

6. A sa takarda a ciki mai ɗauke da suna da adireshi da lambar waya na mai aikawa da na mai karɓa. In rubutun waje ya goge, da ita za a gane mai kaya.

7. A rufe kwalin da hannu a girgiza shi kusa da kunne. In an ji motsi ko ƙara, ko yaya take, a buɗe a ƙara ciko. Ƙunshin da ya yi shiru shi ne ya gamu.

8. A manne tsagar tsakiya da salatif, sama da ƙasa, sa'an nan a manne bakin gefe biyu, har ba sauran kafar da yatsa zai shiga. Amma wannan mataki na ƙarshe a bar shi sai an je gidan waya, domin ma'aikaci na iya neman ya ga abin da ke ciki.

In agoguna da yawa ne, kamar odar ɗan tireda, kowanne a naɗe shi a ledarsa dabam, a raba su da guntun kwali yadda ake raba ƙwai. In akwai mai tsada a cikinsu, gara a yi masa ƙunshinsa shi kaɗai.

Akwai abubuwan da ba a yin ciko da su. Ƙaiƙayi da dusa da garin katako ƙura ce da kansu, suna kuma jawo ƙwari. Jarida tana da amfani a babban kwali, amma tawadarta tana ɓata fata in ta taɓa maɗauri. Ambulan na takarda kuwa ba wurin agogo ba ne ko kusa: kowa ya taɓa ya san abin da ke ciki, kuma kaya kaɗan aka ɗora masa sai ya yage. Har wa yau kada a haɗa agogo da turare, ko man shafawa, ko man shanu, ko kilishi da yaji. Masu haɗa lefe su lura da wannan ƙwarai, gama kwalbar turare ɗaya in ta tsiyaye ta isa ta ɓata maɗauri ta kuma ci robar da ke hana ruwa shiga agogo.

KASHI NA 5: RUBUTA ADIRESHI

A cire ko a shafe duk tsohon adireshi da tambarin da ke jikin kwalin. A rubuta sabo da manyan baƙaƙe a fuska ɗaya, na mai karɓa a tsakiya, na mai aikawa a kusurwar hagu ta sama da ƙananan baƙaƙe. Tsarin shi ne:

cikakken sunan mai karɓa, kamar yadda yake a katin shaidarsa;
lambar gida da sunan titi, ko lambar akwatin gidan waya;
unguwa da gari;
lambar shiyya ta gidan waya, wadda a Nijeriya alƙaluma shida ce;
jiha, da ƙasa in waje ne;
lambar wayar mai karɓa.

Laƙabin da aka san mutum da shi a kasuwa ba ya isa, domin da katin shaida ake karɓar kaya mai rajista. Sunan gari kuma a rubuta shi yadda yake a takardun hukuma, watau Potiskum, ko da Fataskum ake faɗi a baki. A shafa farin salatif a kan rubutun don kada ruwa ya wanke shi.

Ana iya rubuta cewa kayan mai fashewa ne, amma kada a rubuta kalmar agogo ko sunan kamfaninsa a bayan kwali, kada kuma a yi amfani da kwalin da ke da hoton agogo. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta kwaɗayinsa.

KASHI NA 6: A KANTAR GIDAN WAYA

Aikin gidan waya ya daɗe a ƙasar nan. An buɗe na farko a Legas a 1852. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho gida biyu, sashen wasiƙu ya zama hukumar NIPOST. Nijeriya kuma tun 1961 take cikin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na Suwizalan a 1874. Dokokin wannan ƙungiya su ke tafiyar da aike tsakanin ƙasashe, kuma ya kamata mai aika agogo ya san uku daga cikinsu.

Ta farko, gidan waya ba ya biyan diyya in hasarar ta faru ne saboda sakacin mai aikawa. Rashin ƙunshi mai kyau sakaci ne. Watau rajista ba ta maye gurbin soso da kwali.

Ta biyu, zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja da makamantansu ba a sa su a wasiƙa ko ƙunshi na gama-gari. Wurinsu aike mai inshora ne. Agogon zinariya yana cikin wannan hukunci.

Ta uku, rajista dabam, inshora dabam. Rajista tana sa a rubuta kayan a duk inda suka sauka, a kuma sa hannu wajen karɓa, amma diyyarta ƙayyadaddiya ce, ba ta bin darajar abin da ke ciki. Inshora ce ke bin darajar da aka bayyana. Wanda ya rage daraja don ya rage kuɗin aike, kansa ya cuta ranar biyan diyya. Wanda kuma ya ƙara da gangan fiye da gaskiya, ya zubar da haƙƙinsa gaba ɗaya.

Saboda haka mai aikawa ya gaya wa ma'aikaci gaskiyar abin da ke ciki da darajarsa, ya tambayi hanyoyin da ake da su zuwa garin da yake nufi: rajista, ko aiken gaggawa na EMS, ko inshora, da iyakar diyyar kowanne. Bayan an duba kaya, ya manne kwalin a gaban ma'aikaci, a ɗora a sikeli, ya biya, ya karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata. Ya duba ko an rubuta nauyin a rasit, gama nauyi shaida ne in an buɗe kwali a hanya. Kada a jefa ƙunshin agogo a akwatin wasiƙu, kada kuma a ba wani a bakin ƙofa ba rasit.

A kan rasit akwai lambar bin sawu. Ta aiken ƙasashen waje tana da gurbi 13: baƙaƙe biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, sa'an nan NG a ƙarshe, alamar Nijeriya. In ta fara da R rajista ce, in da E kuwa EMS ce. A aika wa mai karɓa da wannan lamba da hoton ƙunshin a ranar. Ya fi kyau a kai kaya a farkon mako, don kada su kwana a ɗakin ajiya Asabar da Lahadi.

KASHI NA 7: AIKAWA ƘASASHEN WAJE

Duk ƙunshin da zai ƙetare iyaka, ko Nijar ce ko Saudiyya ko Ingila, sai an cika masa takardar kwastan. Iri biyu ce: CN22 ta kaya marasa tsada sosai, da CN23 ta masu daraja. A nan dole ne a rubuta gaskiya filla-filla: agogon hannu ne, guda nawa, sabo ko tsoho, na ƙarfe ko na zinariya, kyauta ko ciniki, da darajarsa. Tun daga Janairu 2021 ana aika wannan bayani ta kwamfuta zuwa ƙasar da kayan za su tun ba su isa ba, saboda haka adireshi guntu ko bayani marar kai yana sa a tsare kaya ko a komo da su.

Mai karɓa ya shirya biyan kuɗin fito a can. Ƙasashen Tarayyar Turai sun soke rangwamen harajin ƙananan kaya a watan Yuli 2021, Amurka ma ta soke nata na kayan da ba su wuce dala 800 ba a watan Agusta 2025. A tambayi halin da ake ciki a kanta kafin a biya.

Agogon jabu, watau wanda aka buga wa sunan babban kamfani alhali ba nasa ba ne, haramun ne a aiken ƙasa da ƙasa. In kwastan suka kama shi sukan ƙwace, ba kuwa diyya.

Batirin lithiyam da ke waje shi kaɗai ba ya shiga aiken jirgin sama ta gidan waya. Wanda ke cikin na'urarsa ana karɓarsa tun daga 2013, amma sai a gidajen wayar ƙasashen da hukumar jiragen samansu ta ba izini. Mai agogon caji ya faɗa a kanta tun da farko. Yawancin agoguna masu hannuwa ƙaramin batir na azurfa suke amfani da shi, wanda wannan doka ba ta shafa ba, amma da yawa daga masu lambobi na lithiyam ne. In an ga CR a farkon lambar batir, na lithiyam ne.

KASHI NA 8: SAƘON TASHA DA KAMFANONIN AIKE

Mutane da yawa a Potiskum sun saba ba direba saƙo a tasha, saboda sauri da sanayya. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya sani ƙunshin da aka bayyana a sama ya fi zama dole a nan, domin kayan na iya zama a ƙarƙashin kujera ko a but tare da buhuna. Ya ba da saƙon ta ofishin tasha inda ake rubutawa a littafi, ya karɓi takarda, ya rubuta lambar mota da lambar wayar direba, ya sanar da mai karɓa lokacin tashi. Agogo mai tsada kuwa bai kamata ya bi hanyar da ba ta da diyya a rubuce ba. In kamfanin aike mai zaman kansa za a ba, a tabbata yana da lasin daga NIPOST, a kuma karanta sharuɗɗansa, gama waɗansu ba su ɗaukar alhakin agogo da kayan ado sai an biya ƙari.

KASHI NA 9: ABIN DA KE KAN MAI KARƁA

Sa hannu shaida ce cewa kaya sun iso lafiya. Saboda haka kafin mai karɓa ya sa hannu, ya juya kwalin ta kowace fuska, ya gwada shi da hoton da aka aiko masa. In ya ga huji, ko alamar jiƙa, ko salatif dabam da na farko, ya nemi a auna nauyi, a buɗe a gaban ma'aikaci, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya kai gida sa'an nan ya komo da ƙara, da wuya a saurare shi.

In ya buɗe, ya gwada lambar murfin baya da wadda aka ba shi. Agogo mai batir ya kamata ya iso yana nuna lokaci daidai. Marar batir kuwa ƙarfinsa yakan ƙare cikin kimanin sa'a 40, saboda haka in ya iso a tsaye ba lalacewa ba ce, a murɗa masa maɓalli ko a kaɗa shi a hankali, a lura da shi kwana biyu. Kada a yar da kwali da ciko sai an tabbata kome lafiya.

In kaya sun yi jinkiri, mai aikawa ya koma gidan wayar da ya ba da su da rasit ɗinsa, ya shigar da ƙara a rubuce ga shugaban ofishin, ya riƙe kwafi. A aiken ƙasashen waje wata shida ne wa'adin neman bincike daga ranar aikawa, bayansa ba a karɓa. Rasit ɗin da aka ajiye da kyau, da lambar agogo, da hotunan ƙunshi, su ne za su tsaya masa. Da-na-sani ƙeya ce.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Me ya sa ake ɗaura agogo a kan naɗaɗɗen soso kafin a naɗe shi da ƙyalle?
2. Kaurin ciko nawa ake bukata tsakanin akwatin ciki da kwalin waje?
3. Yaya ake gane ƙunshi ya gamu kafin a manne shi?
4. Mene ne bambancin rajista da inshora?
5. A ina ake ɓoye sunan abin da ke cikin kwali, a ina kuma ya zama dole a bayyana shi?
6. Me mai karɓa zai yi in ya ga salatif dabam da na hoton da aka aiko masa?

Ana roƙon wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai sami ikon karantawa ba, musamman 'yan tireda da masu gyaran agogo da shugabannin tasha.